Mu Zaga Doka Mu Koyi Ɗaura Wa Keke Kaya

 Yau za mu ajiye maganar girki da saƙa, fita za mu yi. Uwargida, nemi izinin maigida, ki yafa mayafinki, ki biyo ni Doka cikin garin Kaduna. Wadda ba ta sami fita ba kada ta damu, ta zauna bisa tabarmarta, ni zan zama idonta.

Kada wata ta ji Doka ta zaci kitson nan na kakanninmu na ke nufi, ko dokar da alƙali ke hukunci da ita. Doka ita ce tsakiyar Kaduna ta arewacin kogi, inda babbar kasuwa ta ke, nan ne kuma mazaunin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Abin da zai kai mu kuwa ƙarami ne a ido. Kariyar keke za mu dubo, watau ƙarfen nan na bayan sirdi inda a ke ɗora kaya, da kwando da jakunkunan da a ke rataya wa keke. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da kariyar keke?" To, saurara ki ji abin da ya same ni.

Wata rana da damina na yi baƙi ba shiri. Sai na aiki 'yata kasuwa a kan keken wanta, lokacin tana aji biyu na sakandare. Na lissafa mata shinkafa mudu 3, da manja kwalba guda, da ƙwai rabin kiret, da kayan miya. Keken ba shi da kariya, ta karye tun tuni, kullum ina cewa gobe za a gyara. Yarinya ta yi sayayya, ta zuba kome cikin jaka guda, ta rataya a hannun keke na hagu. Tana tafiya jaka tana lilo. Da ta zo shan kwana sai gindin jakar ya shiga cikin wayoyin ƙafar gaba. Keke ya tsaya cik, ita kuwa ta wuce ta kansa. Allah ya kiyaye, direban motar da ke bayanta ya taka birki da wuri. Wani dattijo mai shago ya kawo mini ita, gwiwa da haɓa suna jini, hijabi ya rine da manja. Sai da aka yi mata ɗinki a haɓa, tabon yana nan har yau. Da maigida ya dawo bai ce mini kome ba. Ya dubi keken, ya dube ni, ya shiga ɗaki. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ni na aike ta, ni na lissafa kayan, amma ban tambayi kaina inda za ta ɗora su ba. Mu mata, ko ba mu hau keke ba, mu ne masu aike. Mai aike kuwa ita ya kamata ta san nauyin abin da ta ce a ɗauko, ta kuma san ko akwai wurin ɗora shi. Shi ya sa na tashi na shiga Doka don in koyo, ga shi kuma yau zan sake zagawa tare da ke.

Mu fara daga Titin Ahmadu Bello, shi ne ƙashin bayan garin. Kaduna dai ba tsohon birni ba ce mai ganuwa irin Kano ko Zariya. Turawa suka zana ta a gefen kogin da a ke cewa daga kadojin cikinsa ta sami suna. Hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano ta ratsa nan, aka gama ta a 1911. A 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan, ta kuwa zauna hedkwatar Jihar Arewa duka har 1967, sa'ad da aka yanka jihohi. Saboda zanen nan na Turawa, titunan Doka a miƙe su ke, sun gitta juna kamar saƙar tabarma. Dubi sunayensu ki sha mamaki: Titin Kano, Titin Katsina, Titin Legas, Titin Ibadan. Kafin azahar sai mutum ya zaga rabin Nijeriya da ƙafa. In kin miƙe arewa za ki tarar da shataletalen Majalisar Lugard, daga nan Titin Ali Akilu ya ɗauke ki ya bi da ke ta Unguwar Sarki har Kawo. Duk tsawon nan ba wani tudu mai sa mahayi haki ƙwarai. Gari ne da ya dace da keke.

Dattawa sun ce a zamanin Sardauna, in an tashi daga ofis, titin nan cika ya ke da akawuna da masinjoji da malaman makaranta, kowa bisa dokin ƙarfensa. Wanda ya mallaki Raleigh, wanda mu ke kira Rali, ƙirar birnin Nottingham na Ingila, to, ya isa a ba shi mata. Daga baya har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano. Sa'an nan Phoenix na ƙasar Sin ya shigo, da Hero na Indiya. Da kuɗin man fetur suka yawaita, babur da mota suka ture keke gefe, ya koma na yara da talakawa. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Magidanta da yawa suka shiga ɗakin tarkace suka jawo tsohon keke suka kakkaɓe. Ga shi kuwa titunan ba irin na da ba ne. Tun aikin sabunta gari da aka soma a 2019 an faɗaɗa da yawa daga cikinsu, motoci suna gudu. Wanda ya faɗi da kaya a kan irin wannan titi, sai dai Allah ya kiyaye.

To, ga mu a bakin babbar kasuwa, wadda a ke kira da sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, malamin nan da ya rasu a 1992. Kada mu shiga tukuna. Mu raɓe a inuwa mu yi kallo, gama gani ya kori ji. Ga mai burodi nan ya wuce, ya ɗaura akwatin katako a baya, ya jera burodi har ya fi kansa tsawo. Kada tsawon ya ruɗe ki, burodi ba shi da nauyi, iska ce kaɗai abokiyar gabarsa. Ga mai madarar sanyi da farin akwatinsa yana matsa ƙaho. Ga wani ya taso daga lambunan bakin kogi da alayyafo da latas, ya rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Yanzu dubi wancan mai manja da kyau. Jarka biyu ya ɗauko, bai ɗora su a bisa kariya ba, ya rataya ɗaya dama ɗaya hagu, sun sauko har kusa da tsakiyar ƙafar baya. Kin ga yadda ya ke tafiya sumul, ko girgiza ba ya yi?

Ga kuma wani yaro can, da gani aikensa aka yi. Ya ɗora rabin buhun shinkafa a tsaye bisa kariya, ya ɗaure da igiya ɗaya, hannunsa guda yana baya yana tallafe da shi. Keken sai tangaɗi ya ke yi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau. Nauyin kayansa bai kai na mai manja ba, amma shi ne cikin hatsari. Bambancinsu ɗaya ne. Mai manja ya saukar da nauyi ƙasa, ya raba shi biyu daidai. Yaro ya tara nasa a sama wuri guda.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Wadda ta tashi a ƙauye ta san mangala, jakar nan mai baki biyu da a ke aza wa jaki bisa akumari, rabi ya sauka dama rabi hagu. Fatake da suka yi ta kai goro da kanwa tsakanin Kano da Gwanja sun san in taiki ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kafin a yi zango kaya sun zame, bayan dabba ya yi miki. Har dutse a kan ƙara a ɓangaren da ya gaza don a daidaita. Mutanen ƙasar Holan, waɗanda suka yi suna wajen hawan keke, irin wannan jaka mai baki biyu matansu ke ɗora wa kariya su je cefane. Ashe abin da kakanninmu suka yi wa jaki shi ne keke ke bukata. Sai dai jaki ya fi keke abu guda. In kaya sun yi masa yawa ya kan turje ya ƙi tafiya. Keke ba ya turjewa, ba ya kuka, sai dai a ji shi a ƙasa.

Yanzu mu zaga bayan kasuwa, wajen masu sayar da kayan keke da masu gyara. Akwai wani tsoho da na saba zuwa wurinsa, yana zaune a gindin bishiya da famfonsa da kwanon ruwan faci. Ranar da na fara zuwa na ce, "Baba, kariya na ke so, mai kyau." Ya ce, "Hajiya, ina keken?" Na ce yana gida. Ya yi dariya ya ce, "Kin taɓa yanka wa yaro riga ba ki gwada shi ba?" Wannan shi ne darasi na fari. A tafi da keken, gama ƙafafun kekuna ba ɗaya ba ne. Babban keke irin Rali da Phoenix ƙafarsa inci 28 ce. Yawancin na samari masu giya inci 26 ne, na yara kuwa 24 ko 20. Lambar tana rubuce a gefen taya. Kariyar babban keke in an sa wa ƙarami sai ta yi tsayi ta karkace, ta ƙarami kuwa in an sa wa babba sai ta zauna a kan taya.

Na biyu, a dubi irin ƙarfen. Akwai ta baƙin ƙarfe, akwai ta alminiyam, irin wanda a ke zuba tukwane da shi. Ta alminiyam ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, amma in ta tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke ta ba. Ta baƙin ƙarfe tana da nauyi, tana tsatsa in fenti ya kankare, amma ko a ƙauye ta karye za a gyara. In fenti ya hana ki ganewa, ɗora mata maganaɗisu. Ya kama, baƙin ƙarfe ne. Ya ƙi, alminiyam ne. Don cefanen gida da aiken yau da kullum, ni dai baƙin ƙarfe na zaɓa.

Na uku, a dubi ƙafafunta. Kariyar kirki tana da ƙafafu masu saukowa dama da hagu har tsakiyar ƙafar baya, su ne ke ɗauke da nauyi. Wadda ke da sanda biyu ko uku a kowane gefe ta fi, domin sandunan nan su ke tare jaka kada ta faɗa cikin wayoyi. Akwai wata ta zamani marar ƙafafu, wadda a ke maƙalawa a sandar sirdi kaɗai. Tana da kyan gani, amma ba ta wuce ɗaukar kamar kilo 10 ba. Ta jakar makaranta ce, ba ta buhu ba.

Na huɗu, a nemi lamba. Kariyar kamfani sau da yawa an buga mata iyakar nauyin da za ta ɗauka, galibi za ki ga kilo 25. To, mene ne kilo 25 a kicin ɗinki? Jarkar ruwa mai lita 25 ke nan in ta cika, gama litar ruwa kilo guda ce. Rabin buhun shinkafa ke nan. Jakar ruwan leda mai ƙulli 20 kilo 10 ce, watau biyu sun isa, uku sun yi yawa. Buhun siminti kilo 50 ne, ya ninka iyakar sau biyu. Akwai kekunan da aka ƙera musamman don dako, kamar Buffalo na ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005, wanda a ke rabawa a Zambiya da Kenya da waɗansu ƙasashe. Kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Amma shi tun daga wayoyinsa har jikinsa don haka aka yi shi. Kada a ga ya yi a ce keken ɗan makaranta ma zai yi. Araha kuma ba ta ado. In kin matsa kariya da hannu kin ji tana lanƙwasa, ajiye musu abinsu.

An saya, saura ɗaurawa. Ko ba ke za ki riƙe sifana ba, ki tsaya ki ga an yi daidai, ko ki karanta wa wanda za ki aika wannan. A wurare biyu a ke kama kariya. Ƙafafunta suna kamawa a ƙasa, ko dai a waɗansu 'yan ramuka da aka huda a jikin keke kusa da tsakiyar ƙafar baya, ko kuwa, a manyan kekuna irin na da, a kan ƙarfen tsakiyar ƙafar kansa, bayan babban noti. Gabanta kuwa yana kamawa a ƙarƙashin sirdi. A sa dukan notuna sako-sako tukuna, a daidaita, sa'an nan a bi su a ɗaure ɗaya bayan ɗaya, kowanne da washa. Sai a yi gwaji huɗu. A ɗora ƙaramin kwano da ruwa a bisa kariyar, keke yana tsaye a daidaitaccen wuri. In ruwan ya karkata gaba ko baya, ba ta zauna ba. A ɗaga baya a juya ƙafa, a saurara, kada a ji tana gugar taya ko marufinta. A juya feda a ga ƙusar da ke ɓangaren sarƙa ba ta yi tsawon da za ta taɓa sarƙar ba. A matsa birkin baya a ga ba abin da ya danne shi. Bayan mako guda a komo a sake ɗaure notunan, gama girgizar hanya tana kwance su, musamman a lungunan unguwa inda ba kwalta. Noti ɗaya in ya faɗi, ƙafar kariya cikin wayoyi za ta shiga.

Kwandon gaba fa? Za ki ga kekunan gwanjo na Jafan sun yawaita, marasa sandar tsakiya, masu kwando a gaba. Sun dace da 'yan mata ƙwarai, gama a kan hau su da doguwar riga ba tare da wahala ba. Amma kwandon na kayan marmari ne da littattafai da burodi, kada ya wuce kilo 3 zuwa 5. Duk abin da aka zuba a ciki hannun mahayi ne ke juya shi, in ya yi nauyi kan keke sai ya riƙa fizgewa. Ƙwai ma nan ne wurinsu, a shimfiɗa musu tsumma, kiret guda mai 30 bai kai kilo 2 ba.

In maigida mai sana'a ne, kayansa sun fi ƙarfin kariyar kanti, to, sai mu ɗan fita daga Doka mu yi yamma wajen Tudun Wada, mu je Panteka, kusa da babbar kwalejin fasaha ta Kaduna. Tun daga nesa za ki ji ƙarar guduma. Nan ne a ke mai da tsohon ƙarfe sabo: murhu, da tukwane, da akwatuna, da ƙofofi, da injin niƙa. Mai walda zai ƙera kariya da rodi daidai da keken, har da ƙugiyoyin rataya jarka. Abu uku za a gaya masa. Kada ya yi ta da faɗi fiye da kima, gama Kaduna gari ne mai cunkoso, abin da ya fito gefe shi mota ke kama. Kada ya miƙa ta can baya da nisa, domin nauyin da ya wuce tsakiyar ƙafar baya ɗaga gaban keke ya ke yi. Kada kuma ya liƙa ta da wuta a jikin keken, a bar ta ta noti, don zafin walda yana raunana bututun keke. A tuna kuma, ƙarfin kariya ba ya ƙara wa taya da wayoyi ƙarfi.

Mu koma gida, ga aikin da ya ke namu. Uwargida mai keken ɗinki, yau keke zai yi wa keke aiki. Mangalar keke ba ta da wuyar ɗinki. Nemi tamfol, ko kakin tsohon wando, ko buhun shinkafa mai kauri ki ninka shi biyu. Ki ɗinka aljihu biyu, kowanne faɗinsa kamar inci 12, zurfinsa 12, kaurinsa 5. Ki haɗa su da ƙyalle mai ƙarfi wanda faɗinsa ya yi daidai da bisan kariya, shi ne zai kwanta a kai. Ki bi inda suka haɗu da ɗinki sau uku, nan ne nauyi ke ci. A bangon ciki, wanda ke fuskantar taya, ki yi wani siririn aljihu ki zura gefen tsohuwar jarka da kika yanke, ko siririn katako. Wannan shi ne zai hana jaka lanƙwasawa ta shiga cikin wayoyi, kada ki bar shi ko kusa. Ki sare kusurwar ƙasa ta gaba, don kada diddigen mahayi ya riƙa bugunta. Ki sa igiya a gindin kowane aljihu a riƙa ɗaurewa a ƙafar kariya, kada ya yi lilo. Sa'an nan marufi mai saukowa sosai, gama ruwan Agusta a Kaduna ba ya sallama, ƙurar hunturu kuma ba ta raina gari ko sukari. Kafin ki datse zare, ɗora ta a keken, ki sa yaro ya hau ya juya feda ki gani.

Wajen zuba kaya, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Ki ɗaga aljihun dama da hannu, ki ɗaga na hagu, ki ji sun yi kusan ɗaya. Kananzir da sabulu gefe guda, abinci gefe guda. Abin da za a ɗora bisa kariya a kwantar da shi, kada a tsayar. A ɗaure da robar cikin taya da aka yanka, a gitta ta gaba da baya, dama da hagu, a cusa bakinta kada ya yi reto. A girgiza keken da ƙarfi kafin a tashi. In kaya sun motsa a tsakar gida, a kan titi faɗuwa za su yi. Kada kaya su rufe jar ƙwayar nan ta baya mai ƙyalli in fitilar mota ta haske ta. A ƙara wa tayar baya iska. A kuma gaya wa yaro keke mai kaya ba ya tsayawa nan take, balle in an yi ruwa ƙarfen ƙafa ya jiƙe, sai ya fara kama birki tun da nisa.

Ke kuma 'yar makaranta, ga naki. Kada ki rataya kome a hannun keke, ko da ledar tumatir ce. Jakar littattafai ta shiga kwando ko ta hau kariya, ki naɗe igiyoyinta. Ki tattara bakin hijabinki ki zauna a kai, ko ki sa gajere ranar hawa, gama sarƙa da wayoyi ba su san tufa mai tsada ba. In an ce ki ɗauki ƙanenki a baya, ki sani kariya don kaya aka yi ta. Yara da yawa sun sami mugun rauni a diddige don ƙafarsu ta shiga cikin wayoyi. In ba makawa, sai da takalmi mai rufi, da wurin taka ƙafa, da abin da ya rufe wayoyin.

In kuwa kaya sun yi yawa, ba abin kunya ba ne a sauka a tura. A yaƙin da mutanen Biyetnam suka yi da Faransa a Dien Bien Phu cikin 1954, da kekuna suka yi ta kai wa mayaƙansu shinkafa ta cikin duwatsu, keke guda yana ɗauke da wajen kilo 200. Amma ba hawa suka yi ba. Sun ƙarfafa kekunan, sun ɗaura musu sandar gora a hannu, suna tafe suna turawa. Sannu ba ta hana zuwa. Ko kuwa a yi sawu biyu, kasuwa ba gudu za ta yi ba.

Keken gidanmu yanzu yana da kariya ta baƙin ƙarfe, da mangalar da na ɗinka da tsohon tamfol. 'Yata ta koma hawa, ko da ya ke sai da ta yi wata biyu tana tsoro. Duk ranar Juma'a da safe wanta ya kan bi notuna da sifana, ni kuwa in na rubuta cefane sai in lissafa nauyinsa a zuci kafin in miƙa takarda. Uwargida, ba a fafe gora ranar tafiya. In kin ajiye jaridar nan, tashi ki leƙa zaure, ki kama kariyar keken gidanku ki girgiza. In kin ji ƙwaram-ƙwaram, kada ki aiki kowa a kansa sai an gyara. Wadda ta ɗinka mangala kuma ta rubuto mana yadda ta yi, don 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.